Ƙwallon Da Ba a Tsoma Ba

Da sunan Allah, wanda ya ɓoye ƙamshi a cikin ɓawo, ya ɓoye ƙasashe a bayan teku. Ku matso, ku da kuke barbaɗa ƙamsau a kunu ba ku taɓa tambayar inda ya fito ba. Ni ne Tambai ɗan Nomau, mutumin tsibirin Kumbula. Zan gaya muku abin da ƙafata ta taka da abin da idona ya gani. Abin da aka ba ni labari kawai, zan ce labari aka ba ni.

Kumbula tsibiri ne mai jar ƙasa a ƙarshen Shuɗin Teku, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa sosai ko da rani. Abu ɗaya muke da shi wanda babu shi a ko'ina: itacen ƙamsau. Ɗansa ya yi kama da na kaɗanya, sai dai ya fi girma. In ya nuna sai ya tsage da kansa, ka ga baƙin ƙwallo a ciki, lulluɓe da wata siririyar jar raga. Ragar a ɓare ta a shanya, ƙwallon a kyafe shi a hayaƙi. Kowanne da ƙamshinsa, kowanne da masu sonsa, amma uwa ɗaya ta haife su.

Ba mu taɓa shuka ƙamsau ba. Hasbiyoyi ke yi mana. Su haɗiye ƙwallon, su kasayar da shi a gindin duwatsu, ya tsiro, mu dai mu kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Aikin da muke alfahari da shi kuwa shi ne tsomi. Kafin ƙwallo ya shiga buhu sai an tsoma shi a ruwan farar ƙasa, ya fito fari fat. Ranar tsomi ranar biki ce, da kiɗa da guɗa. Kakanninmu sun ce maganin ƙwari ne, kuma mutanen Gidan Sikeli ne suka koya musu, ba su karɓi komai ba. Babu dokar da ta tilasta mu. Amma wanda ya fitar da ƙwallo ba tsomi, kallon da za a yi masa shi ne na wanda ya ba baƙo tuwo a ƙazamin akushi.

Gidan Sikeli ƙungiyar fatake ce ta Birnin Zarkam, can inda ba wanda ya taɓa zuwa daga cikinmu. Su kaɗai ke sayen ƙamsau. Jiragensu kan zo sau ɗaya a shekara, in iska ta juyo, kuma suna da wakili zaune a cikinmu, Barmo, mutum mai fara'a wanda duk abin da yake nema a duniya shi ne a ce ba laifinsa ba ne.

A wata shekara jirage suka zo da umarni. Barmo ya tara mu a bakin gaɓa, ya yi gyaran murya har ya gaji, sannan ya ce, "Iyayen gidana sun ce ƙwallo ya yi yawa a kasuwa, raga kuwa ta yi ƙaranci. Don haka a sare itatuwan ƙwallo, a bar itatuwan raga."

Gari ya fashe da dariya. Wani tsoho har ya faɗo daga kujerarsa. Mutum ɗaya ce ba ta ko murmusa ba: yayata Delu, wadda ta fi kowa iya ɓare raga a Kumbula, kuma ta fi kowa kaifin harshe.

Ta ce, "Wakili, tun kana da baƙin gashi kake cin tuwonmu. Ka taɓa ganin itacen raga?"

"Ban taɓa ba, Delu."

"To wanne za ka sare?"

Ya sunkuyar da kai. "Tunda ban iya bambancewa ba, zan sare mafi yawa, in bar kaɗan in ce su ne na raga. Masu gatari za su zo da iskar baɗi. Ni ɗan aike ne."

Daga nan ba wanda ya ƙara dariya. Ƙamsau sai ya yi shekarun yaro mai zuwa kiwo kafin ya fara 'ya'ya, kuma da shi muke samun hatsi da gishiri da tufafi. In aka sare shi, an sare Kumbula.

Dattawa suka yanke cewa tunda jahilci ne ciwon, gani ne maganin. A kai wa shugaban Gidan Sikeli ɗan ƙamsau ɗungurungum, ƙwallo da raga a haɗe, ya gani da idonsa. Ni aka zaɓa, don na yi aikin tafinta a bakin jirgi, na iya harshen fatake. Delu ta tsinko 'ya'ya biyu da suka kusa tsagewa, ta nutsar da kowanne a ɗan tulun zuma don kada ya ruɓe, ta liƙe bakin da kaki. Sannan ta ɗaure kayanta.

Na ce, "Yaya, wannan hanya ba ta mata ba ce."

Ta ce, "Ta wawaye ce? To an samu ɗaya, saura mai kula da shi. Kai da ka taɓa dawowa daga masallaci da takalmin wani, har gida ba ka lura ba?"

Na ɗauki tulunan. Muka shiga jirgi.

Ba zan daɗe a kan teku ba. Mun ga kifi mai tsawon gari yana barci, tsuntsaye sun yi sheƙa a bayansa. Mun wuce ruwan da ke haske in an motsa shi. Delu ta yi amai har ta rantse ba za ta ƙara ko kallon rijiya ba. Daga ƙarshe muka sauka a Mashigar Dambo, inda duk kayan ƙamshin duniya ke haɗuwa: kanumfari, citta, kirfa, masoro, kimba, kowanne da layinsa.

A nan na fara ganin abin da tafiya ke yi wa kaya. Wani dillali ya tara jama'a, ya ɗaga ƙwallon ƙamsau ɗaya yana rantsuwa cewa a sheƙar wani ƙaton tsuntsu ake ɗebo shi, a kan dutsen da macizai masu fukafukai ke gadi, kuma farin da ke jikinsa tokar mutanen da suka mutu wajen ɗebowa ce.

Bakina ya suɓuce. Na ce, "Malam, akwai irinsa a bayan ɗakin uwata. Awaki ne kaɗai ke gadinsa."

Jama'ar ba dillalin suka yi wa fushi ba, ni suka yi wa. Na lura tun daga ranar cewa wanda ya sayi abu da tsada ba ya son a gaya masa akuya ta shaƙe shi kafinsa. Delu ta ja ni ta wuyan riga muka bar wurin. Amma na ga ta tsaya gaban wani buhu da aka buɗe, ta ɗauki ƙwallo ɗaya, ta jujjuya shi, ta daɗe tana kallon wani ɗan rami a jikinsa. Ta saye shi ta ƙulle a bakin zane. Na tambaye ta me za ta yi da abin da muka baro jibgi a gida. Ta ce in kula da takalmina.

Ƙofar fita daga Dambo zuwa tudu ɗaya ce, kuma a bakinta Masu Hanci suke. Waɗannan wasu mutane ne da Gidan Sikeli ke reno tun suna ƙanana. Ba sa cin albasa, ba sa kusantar murhu, ana ɗaukar su a kan karaga, hancinsu a naɗe da alharini. In ayari zai fita sai a kwance musu hancin, su bi kaya suna shaƙa. Duk wanda aka samu da kayan ƙamshin da ba su bi ta sikelin Gidan ba, a ƙwace, a jefa shi kurkuku. An ba ni labari cewa ɗayansu ya taɓa jin ƙamshin kanumfari guda a cikin raƙumin da ya haɗiye shi. Kakin tulu ba zai tsare mu daga irin waɗannan ba.

Muna cikin layi, ga su suna matsowa, sai Delu ta dafe ciki ta zube ƙasa tana birgima, tana ihun aljanun gidansu sun taso. Mata suka kewaye ta.

Ta yi ta kururuwa, "A yi mini turarena! Tambai, mugu, za ka bari in mutu a ƙasar mutane? Turaren yana cikin ƙunshina!"

Na buɗe ƙunshin. Busasshen barkono ne, irin ƙananan nan masu tsananin yaji. Na dube ta, ta harare ni ta ƙasan hannu. Na ari kaskon wata mai gasa masara, na duba inda iska ke kaɗawa, na juye barkonon duka a garwashi.

Ban taɓa jin atishawa irin ta wannan rana ba. Dogarai, raƙuma, fatake, har mai masarar. Masu Hanci kuwa suka kife a kan karagunsu suna hawaye, aka kwashe su da gudu kamar an kwashe ƙwai. Shugaban ƙofa, idanu jajur, ya daka mana tsawa: "Ku fitar da wannan matar da aljanunta daga garin nan!" Muka bi umarninsa ba musu.

Daga Dambo hanya ta hau cikin Tudun Marka, ƙasar tsaunuka da hazo, inda ruwa ke sauka kusan kullum. Ƙasarsu ja ce, mai danshi. Delu ta tsuguna ta damƙi ƙasar, ta murza, ta shaƙa. Da muka sauka a gidan wata fatoma, wata gwauruwa mai saukar matafiya a gefen wani ƙauye, sai ta wayi gari tana ɗingishi. Kafin azahar ta naɗe ƙafa da tsumma, ta ce ko taku ɗaya ba za ta iya ba.

Na ce zan jira ta. Ta ce, "Iskar baɗi za ta jira ka? Ɗauki tulu ɗaya ka wuce. Ɗayan ka bar shi nan. In an kashe ka a hanya, kada a kashe mu duka."

"Yaya, haka ake yi wa matafiyi addu'a?"

"Allah ya kiyaye. Ka ji addu'a. Tashi."

Na tashi, raina a ɓace. Na waiwaya daga kan tudu na gan ta tsaye a bakin ƙofa. Daga baya ne na tuna cewa a kan ƙafar mai ciwon take tsaye.

Bayan tsaunuka sai Farar Hamada, wadda ƙasarta gishiri ce zalla, rana ta buge ka ta sama ta buge ka ta ƙasa. Na bi ayarin masu kai buhunan ƙamsau Zarkam. A tsakiyar hanya muka tarar rijiyoyi sun ƙafe, muka yi ta kewaye har guzuri ya ƙare. Madugu ya ce duk mai abin ci ya kawo a raba, za a bincike kaya. Ban ga laifinsa ba. Amma in aka fasa tuluna aka ga abin da ke ciki, ko dai a cinye shi, ko a miƙa ni ga Gidan Sikeli a ɗaure.

Na koma bayan raƙumi, na ciro ɗan ƙamsau, na naɗe shi da tsumman da na jiƙa da zuma, na ɗora a tsakiyar kaina, na naɗa rawani a kai. Zumar na kai wa madugu, ya sa mini albarka. Kafin yamma ƙudaje suka gano ni. Ban san inda ƙuda ke fitowa a hamadar gishiri ba, amma sun zo da danginsu. Suka yi mini baƙin rawani a kan rawani, zuma na gangarowa ta bayan kunnena. Wani ya tambaya, na ce gyambo ne ya fito mini a ka, irin wanda ya kashe kawuna. Daga ranar ba wanda ya ƙara zama kusa da ni, balle ya taɓa rawanina. Suka sa mini suna Mai Ƙudaje, suna miƙo mini rabona da sanda. Da wannan suna na shiga Birnin Zarkam.

Tun daga nesa na ji ƙamshin gida. Na zaci ƙishi ne ya taɓa mini hankali. Da muka shiga sai na ga hayaƙi ya tashi daga babban dandali, shuɗi, mai kauri. Tulin ƙwallon ƙamsau ne, ya kai tsayin ganuwa, ana ƙone shi da rana tsaka. Wahalar shekaru ce ta mutanen Kumbula, kowane ƙwallo wani ya hau itace ya tsinko shi, wata ta ɓare shi, an tsoma shi da guɗa. Dogarai sun kewaye wutar da masu.

Daga ƙarƙashin tulin wani abu mai ruwan zinariya yana malala cikin magudana. Mai ne. Na tsaya baki buɗe, don a Kumbula ba wanda ya san ƙamsau na da mai. A wani lungu da dogarai ba sa gani, na tarar da tsofaffin mata suna dangwalar sa da auduga suna matsewa a 'yan kwalabe. Ɗayarsu ta ce mini ba abin da ya kai shi ga ciwon gwiwa da sanyin ƙashi, kuma masu haɗa turare na neman sa ido rufe. Ta ce wanda aka matse da hannu ya fi na wuta kyau: a daka, a turara, a matse da zafinsa, kamar dai yadda ake yi wa gyaɗa. Na tambaye ta me ya sa ake ƙonawa.

Ta ce, "Ɗan nan, daga wane daji ka fito? In ya yi yawa ai ya yi araha."

Na wanke kaina, na nemi iso wurin Uban Sikeli, shugaban Gidan. Da na ce daga Kumbula nake, ba a ɓata mini lokaci ba. Sunansa Cindo, tsoho ne siriri, mai yatsa shida a hannun dama, mai magana a hankali. Ɗakinsa babu komai sai tabarma da kaskon wuta. Na durƙusa na yi gaisuwa, na kwance tsumman, na ajiye ɗan ƙamsau a gabansa. Ya yi laushi, ya yi baƙi, amma da na taɓa shi sai ya tsage, ga ƙwallo ga jar raga a rungume da juna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga itacen ƙwallo, ga itacen raga. Ɗaya ne."

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo wa labarin cewa wuta na da zafi. "Mun sani, Tambai. Kakana ma ya sani."

"To umarnin fa, ranka ya daɗe?"

"Da na ce a sare don kaya su yi tsada, da kun wasa masu. Na ce a sare don ban san itace ba, kuka yi dariya. An gaya mini wani har ya faɗo daga kujera. Mutumin da ke yi maka dariya ba ya yaƙar ka, yakan aiko wani ya yi maka bayani." Ya nuna ni da yatsa. "Ga ka kuwa. Ka sha hanya. A ba shi abinci."

Ban taɓa jin nauyin jikina kamar wannan lokaci ba. Teku, barkono, ƙudaje, duk don in koya wa mutum abin da ya gada.

Ina shirin tashi sai na ga ya ɗauki ƙwallon. Ya zare ragar, ya goge zumar da bakin rigarsa, ya kankare ɓawon da farcen ƙaramin yatsan nan na shida. Wani abu yake nema, bai gani ba. Murmushin yana nan a bakinsa, amma ya bar idanunsa.

"Wa ya tsoma wannan?"

"Ba a tsoma ba, ranka ya daɗe. Daga itace sai zuma."

Ya miƙa hannu ya jefa shi cikin kasko, ya danna shi da ƙarfe har sai da ya fashe. Sannan ya tambaya, cikin taushin murya, "Shi kaɗai ka fito da shi?"

Nan na fara lissafi. Mutumin da ke ƙone tuli mai tsayin ganuwa ba ya tashi da kansa don ƙwallo ɗaya. Sai na tuna rumfunan tsomi na gida, inda fararen ƙwallaye ke zuba ƙasa kowace shekara, ruwa ya dake su, ba a taɓa ganin ko tsiro ɗaya ba. Na tuna gindin duwatsun hasbiyoyi, inda tsiro ke cunkushe kamar ciyawa. Ashe ba ƙwari muke kashewa da farar ƙasa ba. Iri muke kashewa, da hannunmu, da kiɗa, don kada ƙamsau ya tsira a wata ƙasa da Gidan Sikeli ba ya iko da ita.

Na gyara zama. Na ce, "Akwai ɗan'uwansa, ranka ya daɗe. Yana cikin zuma a wata ƙasa mai jar ƙasa da ruwan sama, a hannun wadda ko ni tsoron ta nake ji. In ban koma ba, akwai sarakuna da yawa da za su so itacen ƙamsau a bayan gidansu."

"Wace ƙasa?"

"Na manta sunanta. Rana ta buge ni a hamada."

Ya daɗe yana kallona. Ni ma na kalle shi. Ya ce me nake so. Na ce abu biyu: gatari kada ya taɓa ƙamsau, kuma ƙwallon da ya yi musu yawa, maimakon su sha wahalar kawo shi nan su ƙone, su bar mana shi a Kumbula.

"Ku sayar wa wa?"

"Ba zai fita a ƙwallo ba. Mai za mu matse."

Ya ɗaga kafaɗa, kamar wanda aka roƙa tokar murhu. Ya ce ya yarda, muddin irin nan bai shiga hannun wani sarki ba. Ya kira shaidu, ya ba ni zobensa in nuna wa Barmo, har ya sa aka ba ni raƙumi. Na fito ina jin kamar in yi rawa a titi.

Sai da na kai tsakiyar hamada murnar ta fara tsami. Ya yarda da sauri fiye da kima. Na yi ta juya abin har na gane: iri a cikin zuma ba ya rayuwa har abada. Shekara ɗaya, ko biyu in an yi sa'a, zai mutu. Cindo ya san haka. Bai ba mu komai ba sai jinkiri, zai zauna ya jira tsoronsa ya ruɓe a tulu, sannan ya aiko gatari. Mai kuwa ya bar mana ne don bai yi zaton za mu daɗe muna matsewa ba.

Haka na isa Tudun Marka, da zobe a yatsa da dutse a ƙirji. Na tarar da Delu tana surfe a tsakar gidan fatoma, ta yi ƙiba, tana zagin kaji da harshen mutanen wurin.

Na ce, "Yaya, ya ƙafa?"

"Wace ƙafa?"

Na ba ta labari duka, har da abin da na gane a hamada. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Da na gama na ce ta kawo tulun in duba. Ta kawo shi. Babu komai a ciki, ko zumar.

"Mun sha da kunu," in ji ta. "Zo."

Ta bi da ni ta bayan gida, muka hau wata siririyar hanya cikin duwatsu har wani kwari da ba a hango shi daga ko'ina. Akwai kewayen ƙaya guda biyu. Na farkon babu komai sai ƙasa.

Ta ce, "Wannan shi ne farin da na saya a Dambo. Ƙwari sun huda shi duk da tsomin, shi ya sa na ce to tsomin na mene ne? Na binne shi, na binne namu, rana ɗaya."

A kewaye na biyu akwai tsiro, ya kai gwiwata, ganyensa kore shar, suna sheƙi. Na murza ɗaya na shaƙa. Ƙamshin gida ne, ƙamsau ne.

Ta ce, "Kai ka tafi koya wa mutane abin da suka sani. Ni na ce bari in zauna in koyi abin da ban sani ba."

"Yaya, in Cindo ya ji..."

"Ai so nake ya ji. Bai dai san wurin ba." Ta tsinki ganye ɗaya ta sa mini a tafin hannu. "Ka kai wa Barmo, ya aika wa ubangidansa. Baɗi zan aiko wani ganyen, ta hannun da ba na bana ba. Duk shekarar da gatari ya sauka a Kumbula, 'ya'yan wannan za su shiga kowace fada da ke da ruwan sama."

"Za ki aiko? Ba tare za mu koma ba?"

"Wa zai kore masa awaki? Kai?"

Na roƙe ta har na yi kuka. Ta ce in share hancina, gemuna ya fi ƙarfin wannan. Amma da za mu rabu ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ta ce in gaya wa matan layinmu kada su shanya raga a rana mai zafi, takan ƙone.

Na isa Kumbula tare da iskar da ta kawo masu gatari. Na nuna wa Barmo zoben, na ba shi ganyen. Ya shaƙa, ya dube ni, ya ce shi dai ɗan aike ne. Gatura suka koma cikin jirgi ba a ko kwance su daga ɗauri ba.

Yau a Kumbula akwai turame da mamatsai a kowane layi. Man ƙamsau na fita a kwalabe zuwa garuruwan da ba su san sunan Gidan Sikeli ba, kuma mu ke faɗin abin da za a ba mu. An ba ni labari cewa a Dambo ana rantsuwa hawayen macizai masu fukafukai ne. Ban je na gyara musu ba. Tsomi kuwa muna yi har gobe ga buhunan Gidan, da kiɗa da guɗa kamar da, sai dai yanzu mun san abin da muke yi.

Delu ba ta dawo ba. Kowace shekara, in iska ta juyo, wani baƙon matafiyi kan kawo ganye biyu a cikin ɓawon gora: ɗaya na Cindo, ɗaya nawa. Ni kuma in ba shi kwalbar mai ya kai mata, saboda ƙafa. Bara sai ya dawo mini da saƙo a baki, wai ta ce in daina ɓarnar mai, ƙafarta lafiya lau, kuma itacen ya yi 'ya'yan fari, hasbiyoyin Tudun Marka sun riga sun gano shi.

Nan na tsaya. Wanda ya ji, ya shaƙi kununsa kafin ya sha.